Uban da Ya Tsaya a Ƙofa

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar wata Alhamis, mu uku ne a zauren wani gida a Ƙofar Gayan: ni, da mahaifina, da mijin ƙanwata. An shimfiɗa mana tabarma, an ajiye ruwa a kwano, babu wanda ya taɓa. Ƙanwata ta rasu da safiyar ranar. Zan koma baya in faɗi abin bi da bi, domin ba na son labarin da ake tsallake-tsallake a cikinsa.

Mu Kirista ne, gidanmu yana wajen ganuwa, ta gefen Kufena. Ni kafinta ne, karatuna bai wuce firamare ba. Amma tun da idon Baba ya yi rauni, ni nake karanta Maganar Allah a addu'ar safe, domin Inna ba ta yi boko ba. Tsarin ba ya canjawa: waƙa, karatu, bayanin Baba, addu'a, sannan koko.

Ƙanwata ta auri wani maɗinkin manyan riguna a cikin birni, ta bi addininsa. Ba wanda ya tilasta mata. Baba dattijon ikkilisiya ne, ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidan ba sai ita ta fara zuwa ta durƙusa a gabansa. Ita kuma tana tsoron fuskarsa. Haka shekaru suka wuce. Ni da Inna mukan shiga keke mai ƙafa uku mu je mu gan ta. Baba ya sani, bai hana ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Akwai misalin da ya fi sa ni karantawa, na uban nan mai 'ya'ya biyu, wanda ƙaraminsu ya bar gida ya sha wuya, daga baya ya dawo. Ina karanta shi da murya ɗaya kullum, ba ƙari ba ragi. Da na rufe littafin sai Baba ya ɗaga yatsa.

"Kun ji? Uban bai bi shi ba. Yaron ne ya taho da ƙafarsa."

"Malam," in ji Inna, "kai dai kunnenka ɗaya ne yake aiki, shi ma rabi. An ce tun yaron yana nesa uban ya hango shi. Wanda yake cikin ɗaki yana fushi, ta ina zai hangi mutum? A bakin ƙofa yake wuni."

"A bakin ƙofarsa. Ba a ƙofar wani ba."

"Kuma ya ruga da gudu."

"To, fastuwa mai wa'azi, mun ji. A kawo kokon."

Sannan ƙanwata ta kwanta da ciwon ƙoda. Ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya kai kanta tsakar gida. Na faɗa wa Baba ƙarara cewa zuwan da yake jira ba zai yiwu ba, ko tana so. Sai ya ce in sake karanta misalin. Na karanta. Ya ce, "Wancan ma da yunwa a cikinsa ya taho." Ran nan Inna ba ta yi masa gardama ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita, kokon ya huce a kwano.

Ranar Alhamis ɗin da hantsi aka kira ni a waya. Inna ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta shiga keke. Baba ya ce zai je. Amma sai da ya yi wanka, ya sa aka goge masa farar rigarsa, ya aika a sanar da yayyensa a ƙauye, ya zauna jiran su. Na ce masa mutanen birni ba sa kwana da gawa. Ya san haka sarai, a cikinsu ya girma. Sai dai a ransa 'yarsa ce, kuma 'ya'yan gidanmu ba a binne su sai dangi sun hallara.

Shi ne muka iso zauren nan ƙarfe huɗu da kwata. Surukin namu ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, mun jira ku har bayan azahar. Malamai sun yi magana, na roƙe su, suka ƙara jira. Daga nan ba yadda zan yi."

"An kai ta?"

"An kai ta, Baba. Kullum in ta ji sallama a zaure sai ta ce a duba ko ku ne."

Baba ya shafa tabarmar da tafin hannunsa, ya ce, "Na gode, Malam." Ya miƙe, muka fita ganuwa.

Har yau ni nake karatun safe, kuma har yau misalin nan yake nema. Haruffan ba su canja ba, muryata ma haka. Amma yanzu da na kai inda uban ya hango ɗansa sai ya ce in rufe. Ba ya bari in kai wurin runguma da yanka da biki. Da, hukuncin 'yarsa yake ji a ciki. Yanzu nasa hukuncin yake ji. Jinƙan da yake kwance a shafin bai taɓa shiga kunnensa ba, ko a da ko a yanzu. Inna takan ce, "Malam, kai ma ɗa ne a wurin Uban nan, bari yaro ya ƙarasa." Sai ya girgiza kai.

Na lura cewa mutum yakan zo gaban Maganar Allah da abin da ya riga ya yanke, ya tsinci layin da ya yi daidai da shi, sauran ya wuce ta kansa. Littafin bai ɓoye wa Baba kome ba.

Kai mai karanta wannan, ina roƙon ka abu biyu, kuma a jere. Gobe da safe, kafin ka buɗe littafin, ka faɗa wa Ubangiji sunan wanda kake fushi da shi, ko da kai ne da kanka. Bayan haka ka karanta har ƙarshen labarin, kada ka rufe a inda ya yi maka daidai.