Ƙwayoyin Awo Da Na Tara A Ƙarƙashin Katifa

Lokacin ina amarya a Tirwun, ɗauke da cikin fari, ga ni da saurin ɗaukar zancen mata. A wurin awo ana ba mu jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, amma matan layinmu suka ce su ke girmar da jariri har a yi wa mace aiki. Ni da ko allura tsoronta nake, sai na riƙa cusa su ƙarƙashin katifa, in maigida ya tambaya in ce na sha.

Da cikin ya tsufa, nas ta ce jinina ya yi ƙasa, in bai hau ba kafin awo na gaba sai an yi mini ƙari. Ana gobe awo na zazzage duk abin da na tara, na kora da kunu. A wautata ramuwa nake yi, kamar ta azumi. Kafin la'asar amai ya taso mini har da jini-jini, ga gudawa baƙa ƙirin, ciki kamar ana yanka. Uwar mijina ta ce mu tafi asibiti, kunya ta sa na ce kunun ne ya ɓata mini ciki. Bayan isha komai ya lafa, har ina tsokanarta da cewa ta cika tsoro. Washegari da hantsi ina shara na yanke jiki na faɗi. Wajen ɗauko mini mayafi uwar mijina ta ga ledojin maganin babu ko ƙwaya, ta ƙulle su a bakin zane, aka sa ni a keke mai ƙafa uku sai asibiti.

Ledojin likita ya fara dubawa. Ya ce sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini guba ne in ya yi yawa, kuma lafawar nan yaudara ce, lokacin yake cin hanta. Aka ɗaura mini ruwa da maganin da ke fitar da ƙarfen, fitsarina ya koma ja. Ina ta tambayar nas me ya sa ba na jin motsin cikin, ita kuwa tana gyara robar ruwa, ba ta ɗago ba.

Ni na tashi, ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne.

'Yan'uwana mata, ku sha ƙwayar awo yadda aka ce, wadda ta wuce ba a rama ta, kuma ku ɓoye ta daga yara. Wanda ya sha da yawa a kai shi asibiti nan take tare da ledar, ko da yana dariya. Likita ya ce da na zo tun aman farko, wataƙila da an ceci ɗana. Da wannan maganar nake kwana, da ita nake tashi.