Sarƙar da ke rataye a ƙofar ɗakin girki

Jikata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa mata. Idan na yi shiru ta san kuka nake, sai ta jira ni.

Mai gidana, Alhaji, mahauci ne. Da farar motarsa yake ɗauko nama daga mayankar Etoudi, a nan Yaoundé, kowace safiya, tun yaranmu suna ƙanana. Tun daga bakin layi nake gane ƙararta in ɗora ruwan shayi. Da ya rasu, motar ta shekara biyu a ƙofar gida ba ta motsa ba, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Kullum sai na goge gilashinta da gefen zanena.

Sai ƙaninsa ya zo ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun taya. “Yaya, ki yi haƙuri,” in ji shi. “Ta tare hanya, maƙwabta na magana. In ba ta tashi kafin Juma'a ta sama ba, a bar su su ɗauka.”

Na aika aka kira tsohon makaniken Alhaji daga unguwar Ekoudou. Ya zo yana ɗingishi, ya buɗe gaban injin, ya ce sarƙar ciki ce ta saki, ita ce ke sa sama da ƙasan inji su yi tafiya tare. Ya ce a sayo sabuwa, da faifai biyu masu haƙora da take hawa, da ɗan ƙarfen da ke matse ta. “Kar a sayo ɗaya a bar saura, Hajiya. Tsofaffin haƙora cinye sabuwar sarƙa suke.”

Babban ɗana ya yi boko, a ofis yake aiki. Ya ɗauki takardar motar ya je unguwar Mvog-Ada wurin masu kayan gyara, ya karanta musu lamba da Faransanci, suka ba shi sarƙa a kwali. Aka gwada, ta ƙi zama. Ya mayar, aka ba shi wata, ita ma ta ƙi. Ta cikin motar kuwa ba ta aunuwa, don wani ya taɓa yanke ta ya yi mata ƙari. Ranar Laraba ke nan, saura kwana biyu.

Ina tankaɗe a ɗakin girki sai idona ya faɗa kan abin da nake maƙale ƙofar da shi a jikin ƙusa. Baƙar sarƙa ce, mai layi biyu. Na saki rariyar. Shekarar da na haifi auta, Alhaji ya sauya wa motar inji gaba ɗaya, ya sa na wata mota, bai kuwa je an gyara takarda ba. Daga baya ya sauya wa wannan injin sarƙa, ya kawo mini tsohuwar ya ce ga maganin ƙofar da iska ke bugawa. Ashe takardar tana ta ba da labarin injin da aka jefar tun tuni.

Na fito ba ko takalmi ina kiran ɗana. Ya ce, “Inna, ki bari in kai musu.”

“Sau biyu ka je. Yau da ni za a tafi.”

Muka shiga taksi, ni da sarƙata ƙunshe a leda, zuciyata na tsalle kamar ranar da aka kai ni Yaoundé amarya. Mai shagon ya ga tsohuwa ta zube masa baƙin ƙarfe mai warin hayaƙi a kan tebur, ya yi dariya, ya yi magana. Ɗana ya fassara: wai Mama, da wannan kike ɗaure akuya? Na ce a gaya masa akuyar ta girme shi.

Ya fito da sarƙoƙi huɗu. Biyu masu layi ɗaya ne, na ture su gefe. Sauran biyun ido ba ya raba su. Ni ban san lamba ba, amma na san jan carbi. Na ɗaura zare a ƙwaya ɗaya ta tawa, na bi ta da babban yatsa har na dawo kan zaren. Na yi wa ta farko haka, ta gaza da ƙwaya biyu. Mai shagon ya daina dariya, maƙwabtansa suka matso. Na kama ta biyun, ina ja bakina na motsi. Ta zo daidai. Na sake ja, ta sake zuwa daidai.

“Wannan,” na ce. “Da faifanta biyu, da abin matse ta. Kuma a ɗora ta a kan haƙoran in gani da idona.”

Aka ɗora, ta zauna ɗas. Ɗana ya ninke takardar motar ya sa a aljihu yana murmushi.

Makanike ya wuni Alhamis a kanta. Juma'a da hantsi ƙanin Alhaji ya iso, masu sayen ƙarfe su biyu a bayansa. Aka murɗa makulli, ta yi tari, ta mutu. Aka sake, sai ta kama. Ƙarar nan ce, ita ce dai, wadda nake ɗora wa ruwan shayi. Na zauna a dakali na rufe fuska da mayafi na yi kuka sosai, ina kuka ina dariya, matan layi suna guɗa.

Ƙanin Alhaji ya daɗe tsaye, hannunsa a kan motar. Ya sallami mutanen nan, sannan ya juyo idonsa jajir. “Yaya, ko za a ba ni aronta in je masallaci?”

Na ce a'a, sai dai a kai shi, ni a kujerar gaba.

Tsohuwar sarƙar na mayar da ita kan ƙusarta. Zaren yana nan a jikinta, ban kwance ba.