Tankari da Masu Gadin Gidan Caca

Tankari ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, shi ma ya sani. Dogo ne, irin tsawon da in ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Guangzhou sai ya sunkuya kamar wanda allurarsa ta faɗi. Kafin ya zo Sin direba ne tsakanin Agadas da Dirku. Ya ci yashi har yau in ya yi tari nakan matsa gefe, kada rairayi ya zubo mini a shayi. A can ya ɗauko halin da ya zame masa jiki. Ba ya wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba, don a sahara wanda ka wuce yau shi zai tsince ka in motarka ta mutu. Kuma ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana, ko da dabino ne sai ya ƙullo.

Alhaji Abdulrasheed, mutumin Kumasi mai ofishin tura kaya a benen Tianxiu, shi ya damƙa masa makullin sitonsa na Panyu. Duk dilar da mutanen Kano da Maraɗi suka sayo a kasuwar Shahe, a hannun Tankari take kwana kafin a loda kwantena. Makullin nan shi ne cinsa, shi ne shansa, shi ne ya sa matarsa Saffana take tafiya da ƙarfi a unguwa can gida. Amana aka gani aka ba shi. Mutumin da in maɓalli ya faɗo daga riga zai bi mai shi har filin jirgi.

Irin bizarmu ba ta barin mutum ya zauna wuri guda. Lokaci-lokaci sai ka fita a buga maka hatimi ka dawo, kuma Macau ta fi kusa. Ka hau bas zuwa Zhuhai, ka tsallaka da ƙafa, ka yada zango na ɗan lokaci, ka juyo. Macau garin caca ne tun daga bakin ƙofa. Gidajen kamar an narka zinariyar duniya an watsa musu, fitilu kuwa ko makaho sai ya nemi tabarau. Tankari ya ce shi bai ga bambancinsa da sahara ba: zafi, ba inuwar kyauta, abin da ke ƙyalli daga nesa kuma ƙawalwalniya ce.

Inuwar kyauta ɗaya ce, ita ce zauren gidan caca. Suna da bas da ke kwasar mutane ba ko sisi, ga sanyi, ga ruwan gora. Dukanmu can muke fakewa, nesa da teburan, mu sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki har lokacin komawa ya yi. Tankari ne kaɗai bai iya sunkuyar da kai ba. Akwai wani mai gadi ɗan Nepal, sai da ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi ruwan sama a garinsu, rabi da hannu, rabi da Sinancinsa mai kama da gyaran mota. Ya gai da mai shara. Ya gai da matar da ke kan tebur a bakin ƙofa. Ita kuma ta ga mutumin kirki, ta karɓi fasfonsa ta yi masa katin gidan, wanda duk mai shi ake ba shi kwalin biskit da lema a cikin jakar gidan in ya zo.

Tsaraba ta samu. Bayan sallar Juma'a sai ka gan shi yana rabo, kowa da jakarsa mai zanen zinariya, shi yana ta murmushi.

Wata Hajiya Maijidda, 'yar kasuwa daga Kano, ta shiga Shahe da jakar da Tankari ya ba ta. Basinen da take sayen atamfa a wurinsa ya gani ya tuntsire da dariya, ya kwaikwayi raba karta da hannu, ya tambaye ta nawa ta ciwo. Kafin la'asar magana ta hau benen Tianxiu ta sauko. Mai riƙe da kayan mutane yana da kati a gidan caca. Masu kaya suka fara ce wa Alhaji a sauya wa dilolinsu wurin kwana.

Na sami Tankari a sito yana zaune kan kwali.

"Taubashi, an ce ka ci jirgin ruwa a karta. Ni dai a ba ni ɗaki ɗaya."

"Salihu, bar wasa. Ni ko ludo ban iya ba."

"Na sani. To ka yi shiru, ka daina kawo biskit, za su gaji."

"A'a. Bizar Alhaji ma ta kusa. Zan kai shi ya gani da idonsa inda nake zama."

Na ce masa wannan shawara ko jakin da ya sha rana ba zai kawo ta ba. Bai ji ba.

Muka tafi mu uku. A bas Alhaji yana ta hira, har ya raba mana goro, alamar zuciyarsa ba ta riga ta yanke ba. Muna sauka a ƙofar gidan, mai gadin nan ya hango tsawon Tankari, ya baro wurinsa da sauri ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Laban Tankari," in ji shi, wato maigida. Ya tambayi lafiyar Saffana da sunanta.

Mai shara ta jingine tsintsiya ta zo nuna masa hoton jikarta a waya. Matar tebur ba ta ko nemi kati ba, ta miƙo kwali biyu, ta ce an yi kewarsa. Wani mai kwat da ban taɓa gani ba ya ɗaga masa hannu daga can cikin teburan. Tankari sai washe baki yake, yana waiwayen Alhaji, shi a ganinsa shaidu ne suke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina kallon goron ya tsaya a kumatun Alhaji.

Tankari ya nuna masa kujerar da yake zama, kusa da wata tukunyar fure.

"Nan ne, Alhaji. Daga nan ban taɓa ƙara taku ba. Tambaye su."

"Na gani," in ji Alhaji.

Sai da muka tsallako, bas ta kama hanyar Guangzhou, sannan ya yi magana, idonsa a kan taga.

"Malam Tankari, na tsufa a Tianxiu, mai gadin benen bai san sunana ba. Gidan caca ba ya riƙe sunan wanda ba ya kai masa komai."

"Gaisuwa ce kawai, Alhaji."

"Wataƙila. Amma kayan ba nawa ba ne. In mun sauka ka ba ni makullin."

Tankari bai jira mun sauka ba. Ya ciro shi daga igiyar wuyansa ya miƙa, kwalayen biskit suna kan cinyarsa. Na nemi abin tsokana a bakina na rasa, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tun da aka yaye ni.

Yanzu kura yake turawa a Shahe, yana kai dila bakin mota. Bayansa ya fara lanƙwasa, har ya daina sunkuyawa a jirgi. Bai gaya wa Saffana ba tukuna.

Da lokacin hatimi ya sake zagayowa muka koma tare. Ya ƙi shiga zauren. Muka zauna a bakin titi, rana tana dafa mu. Can sai ga mai gadin ya fito da gorar ruwa, ya tsaya a kansa yana tambaya da hannu ko ba shi da lafiya ne. Tankari ya kafa ido a kan takalminsa.

"Salihu, ce masa ba ni ba ne."

Sinancina bai wuce na ciniki ba. Na ce wa mutumin meyo, babu. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ajiye gorar kusa da ƙafar Tankari ya koma bakin aikinsa.