Kaskon Ɗibar Wuta

Mitar gidana tana da wani kuka da take yi idan kuɗin wuta ya kusa ƙarewa, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Jiya da hantsi ta fara, sai na ji ƙanshin toka a hancina, alhali na manta rabona da murhun itace. Kai mai karatu, in a birni ka tashi, wataƙila ba ka san an yi zamanin da ba a sayen wuta ba. Ɗibarta ake yi.

A unguwarmu a Sabon Birni, murhun kakata ba ya mutuwa. Takan binne garwashi a toka da busasshen kashin shanu, da safe ta tono shi jajir. Matan unguwa su zo da kasko, ta zuba musu.

A shekarun fari, da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, sai ɗibar wutar ta koma wani abu dabam. Mace ba ta iya buɗe baki ta ce rumbunsu ya ƙare. Sai ta sa kaskonta cikin ƙwarya ta zo. Kaka ta shiga ɗaki da ƙwaryar, ta zuba tsaba ko dusa, ta rufe da faifai, ta ɗora garwashi a kai. Ba mai godiya, ba mai kallon idon wani. Mazan gidan ba su sani ba, har babana. Ni kuwa na sani, don a ɗakin Kaka nake kwana.

Babana fatauci yake yi zuwa Maraɗi. Can ya ga lantarki, ya dawo ba shi da zance sai nasa. Da aka kafa falwaya a bakin titinmu, ya sayar da bijiminsa kafin yunwa ta kashe shi, ya ja waya. Ƙwai biyu aka sa, ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakin Kaka.

Murnar ba ta wuce wata ba aka kawo takardar biya. Baba ya duba, ya sake dubawa. Wutar da sai ta ga dama take zuwa! Ya tare ma'aikacin wutar ya tambaye shi me ya sa tamu ta fi ta hayin iyaka tsada, ga ta ba ta zama. Mutumin ya ce ruwa ya ja baya a madatsa, hanya da nisa, kuma wanda ya biya shi ke ɗaukar nauyin wanda bai biya ba. Baba ya yi ta faɗa a ƙofar gida har unguwa duk ta ji.

A satin ne Kaka ta tafi ta'aziyya garin Kurawa. Washegari maƙwabciyarmu ta zo. Mijinta ya tafi cin rani bai aiko ba, ga 'ya'ya biyu. Abokiyar wasan Baba ce tun suna yara. Ta same shi a zaure da takardar a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Wuta niz zo ɗiba."

Baba ya nuna mata ƙwan da ke rataye, yana dariya. "Wutar gidan ga yanzu ta kuɗɗi ta. Kin taho da naki?"

Ta yi ɗan murmushi, ta juya. Ina tsaye a wurin, na ga ƙwaryar a ƙarƙashin kaskon, na san abin da take nufi. Bakina bai buɗe ba. Ina jin nauyin Baba, kuma Kaka ta hana ni faɗa wa kowa. Har yau ban yafe wa kaina shirun nan ba.

Bayan kwana uku Kaka ta dawo. Kafin ta kwance kaya ta tambaye ni wa ya zo, na gaya mata. Ta cika ƙwarya da kanta ta fita. Ta tarar an toshe ƙofar gidan maƙwabciyar da ƙaya, sun bi ayarin masu gudun yunwa zuwa kudu. Bayan watanni labari ya zo cewa ƙaramar 'yar ba ta kai ba.

Ranar da labarin ya zo Kaka ta gaya wa Baba sirrin ƙwaryar. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Inna, wallahi wasa nika yi." Kaka ba ta sake yarda an kunna ƙwan ɗakinta ba har ta rasu. Na zaure kuma masu wuta suka yanke da biya ya gagara.

Yanzu ɗana yakan zauna ya yi mini bayanin tsadar wuta, yana kwatanta mu da wasu ƙasashe, wai mu sau biyu muke biya, na mita da na man janareta. Ina sauraronsa, ban musa ba. Ni dai na san abin da gidanmu ya biya a watan farko.

Jiyan nan, mita tana ta kuka, maƙwabciyata ta yi sallama ta ce caji ta zo sawa. Na karɓi wayar na jona. Sannan na duba ɗaya hannunta, ko akwai ƙwarya.