Kwalba Ɗaya

"Ba za ta koma ba! Na rantse ba za ta ƙara taka makarantar nan ba."

Muryar Maigandi ce, maƙwabcin Malama Iyatu, ta tsallako katangar da ta raba gidajensu, jim kaɗan bayan la'asar. Iyatu na zaune a tabarma da tulin littattafan ɗalibai a gabanta, jan biro a hannu.

"Haba Baban Nuru," in ji matarsa Na'inna, "yarinyar nan taimako ta yi niyya."

"Taimako? A gabanki nas ta ce gishiri ne ya yi wa Nuru yawa. Kwana biyu yana kwance ana masa ƙarin ruwa, ke kina ce min taimako. Likitar gida! Kwalba da cokali ma sun gagare ta aunawa. Gobe ta bi motar Auna, ta je wajen kakarta Nagoggo ta koyi surfe."

Sai ƙaramar muryar Bilki, 'yarsu, ɗalibar Iyatu a aji huɗu: "Baba, wallahi yadda aka koya mana na yi."

"Rufe min baki! 'Yar alƙali ce za ta koya muku ba daidai ba?"

Iyatu ta ajiye biron.

Haka kowa ke kiranta a Kontagora, 'yar alƙali, ko da yake mahaifinta, Alƙali Abdulƙadiri, ya daɗe da rasuwa. Ita ce mace ta farko a gidansu da ta wuce firamare. Ranar da za ta tafi kwalejin horon malamai ya kira ta zaure ya ce, "Ki je, amma kada boko ya ɓata miki baki." Ta riƙe maganar kamar wasiyya. Shekara tara tana koyar da Kimiyyar Lafiya a sakandaren 'yan mata, ta koya musu tace ruwa saboda kurkunu, da wanke hannu, da yadda ake juya tsohon da ya daɗe a kwance, amma duk kalmar da ta yi mata nauyi sai ta kewaye ta. Shi ya sa 'yan mata ke kiranta Malama Abin-nan a bayan idonta. Ta san da sunan, kuma a ƙasan ranta yana mata daɗi.

A daminar bana, ta 1991, da amai da gudawa suka shigo gari, aka raba wa malamai takardar haɗa ruwan gishiri da sukari. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari goma, ruwa cikin kwalbar giya ɗaya. Ta tsaya gaban allo da alli, ta rubuta "kwalba", hannunta ya tsaya. 'Yan mata arba'in da uku na kallonta. Sai ta ƙarasa da "ɗaya", ta wuce.

A ɗakin malamai, Malam Andarawus, mutumin Dukku mai koyar da lissafi, ya tare ta da fara'arsa.

"Malama, na ga allonki. Wace kwalba? A gidajen yaran nan ai ta lemo kawai ake da ita, ita kuwa rabin waccan ce. In ba ki da ta gwaji, in samo miki. Wankakkiya, ba wari."

"A'uzubillahi! Ka riƙe kayanka, Malam."

"To ki ce musu ta lemo biyu mana."

"Zan gyara."

Ba ta gyara ba. Litinin ta zo, ta shiga ajin da niyya, sai ta ga kanta tana cewa a buɗe sabon babi. Ta gaya wa zuciyarta lokaci ne ya ƙure. Amma ta san ba lokaci ba ne. Gyara yana nufin ta tsaya gabansu ta ce ta yi kuskure, wata mai rawar kai ta tambayi dalili, ajin ya kwashe da dariya. Abin da take kira kunya, yanzu da take jin shessheƙar Bilki ta bayan katanga, ya fi kama da son a ci gaba da cewa 'yar alƙali ba ta kuskure.

Ta bincika tulin ta zaro littafin Bilki. Rubutu tsaf, kamar na buga. *Kwalba ɗaya.* A gefe ga jan makinta, da "Madalla" da ta rubuta da hannunta.

Akwai ɗan fili tsakanin kalmomin biyu. Ba ta san lokacin da ta sake ɗaukar biron ba. In ta soke "ɗaya" ta sa "ta lemo biyu" a duk littattafan, gobe ta mayar, shi ke nan, gidaje arba'in da biyu sun tsira, ba wanda ya ji. Ai wannan ma alheri ne. Ta yi na farko, ta yi na biyu. Da ta dawo kan na Bilki sai ta gane abin da take ginawa: ranar da Maigandi ya buɗe littafin nan zai ga gyaran Malama da ja, ya ce ga shi, an nuna mata daidai, ita ce ba ta kula ba. Yarinyar za ta tafi Auna da laifin da ba nata ba, ta girma tana zaton da hannunta ta kusa kashe ƙaninta.

Ta rufe littafin ba ta taɓa shi ba.

Mayafi ta ja, ta bi ta bayan kasuwa har gidajen malamai. Andarawus na gyaran keke a ƙofa. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, bai yi dariya ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan. Ya shiga ya fito da koriyar kwalba, zai naɗe ta a tsohuwar jarida.

"Bar ta haka," ta ce.

Haka ta ratso unguwa da ita a fili, littafin Bilki a ɗaya hannun. Masu zaman dakali suka amsa gaisuwarta idonsu na kan kwalbar. Wata tsohuwa mai ƙosai ta dafe ƙirji. Iyatu ta ci gaba da tafiya.

Ta yi sallama a ƙofar Maigandi. Ya fito yana gyara hula, fuskarsa ta saki da ya gan ta.

"A'a, Malama da kanki? Ai da kin aiko. Ki yi haƙuri, ɗalibarki ta ba ki kunya."

Sannan idonsa ya sauka kan abin da ke hannunta. Ta bayan kafaɗarsa Iyatu ta hango Bilki a bakin zaure, idanu a kumbure, ƙullin kayan tafiya a gefenta.

Ta ɗaga kwalbar yadda su biyun za su gani.

"Malam Maigandi, da wannan ake aunawa. Kwalbar giya ce. Ni ce na kasa faɗin sunanta a aji, Bilki kuwa abin da na rubuta ta bi. In akwai mai barin makaranta a kan Nuru, ba ita ba ce."