Izinin Hajiya Mariyama a Cikin Takaba

Ban taɓa mantawa da ranar da na rufe wa Hajiya Mariyama ƙofa da hannuna ba. Lokacin ni ke kula da serveur na biro, ofishinmu a Agadez, wato babbar na'urar da ke tara bayanan rijiyoyin lambunan Timia da Iferwan. Izini hawa uku ne: mai kallo, mai gyara, sai mai raba izinin, wato ni. Hajiya mai gyara ce, kuma ita ta koya wa yawancinmu aikin, da faɗa da komai.

Da mijinta ya rasu ta shiga takaba. Dokarmu ta ce duk wanda zai daɗe ba ya nan, a rufe shigarsa. Na rufe ranar Litinin, ko a jikina.

Bayan sadakar bakwai sai ga wayarta. "Isufu, na'urar ta ce ba ta san ni ba," in ji ta. Na fara kawo mata doka, ta katse ni. "Ƙanena, masu gaisuwa sun watse. Daga ni sai bango."

Na ajiye wayar. Na tafi wurin shef, shugaban biro ɗinmu. Ya ce, "Ordinatar, kwamfutar aikinta, tana gidan makoki, jikoki na ta guje-guje. Wani ya danna ya share mana aikin shekara fa?" Gaskiyarsa, ban musa ba. Na ce to a mayar da ita mai kallo: ta ga komai, ba ta iya taɓa komai. Ya yarda, ya sa hannu.

Na ji nauyin gaya mata, don sauke ta na yi zuwa hawan sababbin ɗauka. Da na gaya mata, ta ce, "Buɗe kawai."

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. "Wane malalacin ne ya shigar da rijiyar Timia sau biyu? Da ina da hannu da na gyara!" Ta wanke ni tas, ni ko ina ta murmushi, don tun rasuwar ban ji muryarta da ƙarfi haka ba.

Ku da za ku riƙe wannan aiki bayana, ku tsare doka, tana da dalilinta. Amma kafin ku cire wa mutum izini, ku tambaya me ya rage masa in kun cire.