Shafi na Goma Sha Bakwai Yana Wurina, Kawu

Kawu Ramalan, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni na ɗauki shafin nan na goma sha bakwai.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, muna gyaran gero a tsakar gida a Kibiya, Alu direba ya yi sallama ya ce ka faɗi a ƙofar masallaci a Rano bayan La'asar, ko asibiti ba a kai ka ba rai ya yi halinsa. Inna ta saki faifai. Ni kuwa cewa na yi, "Wane Ramalan?" Kamar akwai wani. Mutumin da ranar Asabar ya ci ɗanwake a gidanmu har ya nemi ƙari? Wallahi har yau in na ji ƙarar babur sai na waiga.

A jami'a Dakta suke ce maka, mu kuwa ƙanen Inna muka sani, mai kawo mana alli da biro. Kai kaɗai ne ba ka taɓa ce mini na cika shiru ba. Ran da na tambaye ka me ya sa takardunka suka cika da zanen cokali mai yatsu, dariya ka yi har da hawaye. Ka ce alama ce ta wata igiya, irin igiyar ruwa, da ke bayyana tafiyar ƙwayar da aka harba wa cibiyar zarra. Ka ce a irin lissafinka, ƙarfin da ƙwayar ke ji ba daga inda take kaɗai yake zuwa ba, har da inda ba ta taka ba. "Ramlat, daga nesa ba ki ganin bambanci," in ji ka. "A can ciki ne igiyar ke raguwa." Shekara shida kana auna wannan raguwa.

Watan jiya da na je gidanka na ga tarin takardu a teburinka, na zaci shara ce. Na zari ɗaya mai farin baya, na rubuta farkon labarin soyayya nawa na kaina, alhali Baba ya hana ko karanta irinsu a gidansa. Ka yi ta nema, ka ce wa matarka, "Maimuna, ko akuya ta shigo?" Ina tsaye. Na ce a raina gobe zan faɗa.

Ranar sadakar uku ɗalibinka Malam Abdulganiyyu ya gaya wa Baba cewa aikinka ya kammala sai shafi ɗaya da ya ɓata, na goma sha bakwai, kuma ba wanda zai iya sake shi. Na gwada kwafewa. Alamomin sun ƙi hannuna, ina tsoron na ɓata ɗigo ɗaya na ɓata shekara shida.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilminka ya zama sadaka mai gudana. Anti Maimuna, 'ya'yanka Hafsa da Nuruddeen, da Innata da ta rasa ƙanenta ɗaya tilo, Allah Ya ba mu haƙuri.

Ban goge bayan takardar ba, biro ne. Baba zai gani, na sani. Gobe ranar bakwai zan haɗa ta da wannan wasiƙa, na miƙa masa da hannuna, ya kai wa Malam Abdulganiyyu.

'Yarka,
Ramlat Datti, Kibiya